Ranar da Ba a Kira Yaya Ba

Yayata ungozoma ce. Tun ina 'yar makaranta take aiki a ɗakin haihuwa na asibitin unguwarmu, har furfura ta cika mata kai. Rabin yaran layinmu a hannunta suka faɗo duniya. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar ta da 'ya ɗaya tal, wadda muke kira Shalele. Ni kuma da aurena ya mutu sai na kwaso keken ɗinkina na dawo gidanta, muka zama mu uku.

Yaya ta san masu naƙuda kamar yunwar cikinta. Takan ce mace ba ita kaɗai take shiga ɗakin nan ba, tana shiga ne da duk abin da kunnenta ya taɓa ji. Mai cikin fari da ƙawaye suka cika da labaran tsoro, tun daga bakin ƙofa take kuka. Wadda ta taɓa rasa jariri ba ta ihu, fuskar ungozoma kawai take kallo. Wadda uwarta ke zaune a benci a waje takan saki jiki. Wadda aka taɓa daka wa tsawa a haihuwar baya kuwa, ko taɓa ta aka yi sai ta ƙanƙame jikinta. Ita Yaya ba ta tsawa a wurin aiki. Hannu take miƙa wa mace ta ce, "Matse, 'yar nan, ya saba." Yatsunta biyu har sun karkace.

Amma fa a gida wata ce daban. Da ta cire takalmi ta jiƙa ƙafa a roba, sai a buɗe wasan kwaikwayo. Ta dafe ƙugu, ta murguɗa baki, ta ce, "Wayyo Sista, kira min mijina in ci masa mutunci!" Ta yi wadda ta rantse ba za ta ƙara ba, ga ta kuma bana ta dawo. Ta yi wadda ta yage mata aljihun riga. Maƙwabta har shigowa suke yi, a yi ta dariya har da hawaye. Ba mugunta ba ce, na shaide ta. Haka take sauke gajiyar, in ba ta yi ba ko abinci ba ya shigar mata. Shalele na gefe da littafinta, tana 'yar dariya. In an gama sai Yaya ta shafa kanta ta ce, "Tawa dai ba za ta ba ni kunya ba. 'Yar ungozoma ce."

Shalele ta auri wani makanike, suka tare can ƙarshen gari. Ta samu ciki a shekarar da Yaya za ta ajiye aiki, sai Yaya ta ƙwallafa rai. Kowa ta gani sai ta gaya masa jikanta ne jariri na ƙarshe da za ta karɓa, daga shi ta wanke hannu. Tun ciki bai fito sosai ba ta haɗa jaka: zannuwa, sabulu, tawul, da rigunan da ta tsaya a kaina na ɗinka. Da watan ya kama, wayarta ko banɗaki da ita take shiga. Ta daina zuwa biki, ta daina zuwa kasuwa, kada a kira ba ta kusa.

Kiran ya zo wata rana da hantsi. Surukin ne. Ya ce, "Mama, an sauka lafiya, namiji." A wani ƙaramin asibiti kusa da garejinsu. Tun jiya da la'asar aka kai ta. Jiyan nan kuwa Yaya wuni ta yi a tsakar gida tana tsince shinkafa, waya a cinyarta.

Ni dai raina ya ɓaci. Muna isa na tare shi a baranda na wanke shi tas. Na ce wane irin rashin ta-ido ne wannan, uwarta na ungozoma ka kai ta hannun baƙi? Bawan Allah ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, ita ta sa na rantse ba zan kira ba."

Yaya ta ji. Ta shige ɗakin Shalele da jakarta. Ta ɗauki yaron, ta duba cibiya, ta duba idanunsa, ta ce an yi aiki mai kyau. Sannan ta zauna a bakin gado.

"Me na yi miki, Shalele?"

Muryar yarinyar ta dushe, da ƙyar ake ji. "Ba ki yi min komai ba, Mama. Na san ba zan iya yin shiru ba. Na ji tsoron in yi ihu a gabanki."

"To sai me in kin yi?"

"Sai in riƙa ganin kaina a tsakar gida, kina dafe da ƙugu."

Yaya ta kalli yatsunta, ta ce, "Kin yi ihun?"

"Na yi. Har na zagi mijina."

"Wa ya riƙe miki hannu?"

Shalele ta waiwaya ta nuna kan gadon. "Wannan ƙarfen."

Yaya ta kai hannu ta taɓa ƙarfen. Fentinsa duk ya goge a daidai wurin da mata ke kamawa.

Watan nan ta ajiye aiki. Jariri na ƙarshe da ta karɓa na wata baƙuwa ne da ko sunanta ba ta riƙe ba. Suna shiri da Shalele lafiya lau, yaron ma yana son ta. Sai dai maƙwabta sun daina shigowa da yamma, don babu abin kallo. Takan zauna a tsakar gida, ƙafa a roba duk da babu gajiyar aiki, ni ina ɗaki ina taka keke. Ranar nan na leƙo na gan ta ita kaɗai, ta buɗe tafin hannunta a kan gwiwa, tana cewa a hankali, "Matse, 'yar nan." Na koma na ci gaba da ɗinkina.