Ranar da kwalekwalenmu ya kife a Espanya

Shekarun baya, ban daɗe da fara aiki a Lyon ta Faransa ba, ciwon baya ya kai ni wurin likita. Ya dudduba ni ya ce zaman kujera ne ya yi mini yawa, in je in riƙa iyo. Na ce masa ban iya ba. Ya ɗago kai ya dube ni kamar na ce ban iya tafiya ba. Ni kuwa a Damagaram na tashi, ruwan da na sani shi ne na randa da na bokitin wanka.

Haka na je pisin ɗin unguwarmu, wato wurin iyo, na shiga ajin manya masu koyo. Duk tsofaffin mata ne, sai ni kaɗai ƙato da gemu, rungume da allon roba ina ta harba ƙafa. Malamarmu ba ta da wasa. Na sha ruwan pisin har na gaji kafin ta yarda na iya, kuma ba ta sallame mu ba sai da ta koya mana yadda ake jawo wanda ruwa ke ci. Ban faɗa wa kowa cikin ƴan ƙasarmu ba, don na san dariyar da ke jirana.

Ina da aboki ɗan Maraɗi mai shagon wayoyi a unguwar Barbès ta Paris. Ya ɗan girme ni, Alhaji nake ce masa, shi kuma ya ce mini injiniya. Wata shekara da zafi ya shigo, iyalinsa sun tafi gida hutu, sai ya kira ni.

"Injiniya, mun tsufa a ƙasar nan daga shago sai masallaci sai gida. Turawa kowa ya rufe ya tafi bakansi, hutunsu na shekara. Mu ma mu je mu ga abin da suke gani mana."

Ya hau jirgin ƙasa ya same ni Lyon, muka ɗauki tsohuwar motata muka yi kudu, har wani ƙaramin gari na bakin teku da ke gaba kaɗan da iyakar Espanya. Gidajensa farare ne, lunguna ƙanana, jiragen masunta jere a bakin ruwa, ga tsohuwar ganuwa a saman tudu.

Ranar farko yunwa ta kai mu gidan abinci tun rana ba ta faɗi ba, muka tarar ana goge tebura. Ashe mutanen nan sai bayan magariba suke ɗora tukunya. Da muka dawo, abin da ya fara tare mu cinyoyin alade ne rataye saman kanta. Alhaji ya haɗa Faransanci da hannu da girgiza kai har mai wurin ya gane, ya yi dariya ya kawo mana shinkafar da suke kira paella, cikin faffaɗan kasko, da kifi da jatan lande da wasu halittun teku masu ƙwanso. Alhaji ya kai loma ɗaya ya ce, "Dafa-duka ce da ba ta ji yaji ba." Sai ya sa hannu aljihu ya fito da ƙullin yajinsa. Kaskon nan sai da muka kankare ƙanzonsa.

Bayan isha'i garin ya cika. Masu kiɗa a dandali, tsoho da tsohuwarsa suna rawa a hankali, yara na guje-guje tsakanin tebura, samari na layi a ƙofar gidajen rawa. Mu dai muka sayi ruwan lemo mai ƙanƙara muka zauna kan dakalin bakin teku muna kallo. Alhaji ya ce, "Ka ga mutanen nan ba sa gaggawar komai."

Washegari muka hau ganuwar, muna hawa muna hutawa. Daga can sama muka hango ƙananan kwalekwalen roba, ja da ɗorawa, suna bin gefen duwatsu zuwa wasu koguna. Alhaji ya ce gobe da mu za a je.

Na ce, "Alhaji, ka iya ruwa kuwa?"

"Ni da na tashi bakin gulbin Maraɗi? Kai dai ɗan Damagaram ka riƙe ni da kyau."

Na ce masa to.

Da safe muka shiga ayarin masu zuwa kogunan, aka ba mu kwalekwale mai cin mutum biyu, shi gaba ni baya. Jagoranmu ya ba kowa rigar nan mai hana nutsewa, ya ɗaure mana da kansa. Ta Alhaji ta matse masa tumbi, muna yin nisa ya ɓalle maɗauran. Na yi masa magana ya ce zafi yake ji, ya fito da wayarsa yana ɗaukar hoton duwatsu. Tuƙinmu na ƴan koyo ne, saboda haka sauran duk sun sha kwanar wani dutse sun bar mu baya.

Wani jirgi mai inji ya wuce can nesa, igiyar ruwansa ta zo ta buge mu ta gefe. Wayar ta suɓuce, Alhaji ya miƙa zai cafe ta, kwalekwalen ya kife.

Da na ɗago kai, rigarsa na fara gani tana yawo babu kowa ciki. Can gefe na hango shi. Bai yi ihu ba. Kansa na fitowa yana komawa, hannuwansa na dukan ruwa, idanunsa a buɗe amma ba ya ganin kowa. Ban san lokacin da na isa wurinsa ba. Na zaga ta bayansa yadda aka koya mana, don wanda ruwa ke ci in ya kama ka tare za ku tafi. Na sa hannu ƙarƙashin hammatarsa na kwanta da baya. Ya kai mini gwiwar hannu a baki har na ji ɗanɗanon jini.

Na ce a kunnensa, "Alhaji, ni ne. Saki jikinka, na riƙe ka."

Sai da na maimaita kafin ya daina kokawa. Na yi ta harba ƙafa, nauyinsa na danna ni, ruwan gishiri na shiga hancina, har bayana ya taɓa kwalekwalen. Na ɗora hannuwansa kan igiyar da ke jikinsa, na riƙe shi ina kiran jagoranmu. Shi ya dawo ya ja mu zuwa wani ɗan gaɓa mai tsakuwa.

Alhaji ya amayar da ruwa, ya zauna ya daɗe yana salati. Da numfashinsa ya dawo ya juyo.

"Injiniya, ina ka koyi wannan?"

"A pisin, tare da tsofaffin mata."

Na jira dariyar, ba ta zo ba. Ya ce, "Gulbin namu fa sai da damina yake kawowa. Ban taɓa wuce inda ƙafata ke taɓa ƙasa ba." Ya share fuska. "Da yanzu kana neman bakin da za ka gaya wa uwar yarana."

Da yamma bai iya cin komai ba, amma ya sa aka gasa mini kifin da ya fi kowanne girma a wurin, ya zauna yana kallona ina ci da kumburarren leɓe.

Da ya koma Paris bai ɓoye labarin ba. Duk wanda ya shiga shagonsa sai ya ji, kuma kowane zuwa na yi Barbès sai in tarar igiyar ruwan ta ƙara tsawo. Zuwana na ƙarshe ta kai gidan bene. Yaransa duka ya sa su koyon iyo, daga baya shi ma ya bi su.

Na yi karatu mai yawa a ƙasar nan, na karɓi takardu, an yi mini ƙarin girma a wurin aiki. Amma in na zauna ni kaɗai, ba abin da ke cika mini ƙirji kamar lokacin da na ji jikinsa ya saki a hannuna. Abin da na koya ina jin kunyarsa shi ya yi rana, kuma tun daga nan na daina jin nauyin zama ɗan koyo a gaban kowa.

Mahaifiyata daga bakin Alhaji ta ji. Ya je gida wata shekara, ya yi takanas har Damagaram ya gaishe ta, ya ba ta labarin da irin nasa ƙarin gishirin. Ta kira ni ta yi ta sa mini albarka. Da ma ba ta taɓa gane aikin da nake yi a Lyon ba, ko sau nawa na yi mata bayani. Yanzu in maƙwabta suka tambaye ta me ɗanta ke yi a Faransa, sai ta ce mutane yake tsamowa daga teku. Ni kuma ban taɓa gyara mata ba.