Buhun da Na Ɗaure a Zauren Yaya Isufu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Isufu, wanda mutanen Bande suka fi sani da Isufu Mai Moto. Ya rasu wata Talata da hantsi, an gama yankan hatsi ana ɗaurin dami. Ni ne ƙanensa Sanusi, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, a Magarya. Duk shekara idan kaka ta zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki alƙalami, in zauna, in tashi. Da baƙin ciki ne ke hana ni, da na san abin da zan rubuta. Tun ranar da muka dawo daga maƙabarta zuciyata ta zama kamar ƙafar da aka daɗe ana zaune a kanta, tana ɗauke da ni amma ba na jin ta.

Yaya malamin gona ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana zagaya ƙauyukan Guci da Dungas a kan babur ɗin gwamnati, irin dogayen nan masu tayar daji da ake ba ma'aikata a da. Idan suka tsufa sai a jingine su bayan ma'aikata, kaji su riƙa ƙwai a ƙarƙashinsu. Shi kuma ya bi ya roƙa har a ba shi gawar, ya ɗoro ta a amalanken shanu zuwa gida. Wani Bature da suka taɓa aiki tare ya bar masa tsohuwar mujalla marar bango, cike da hotunan mutane tsaye a kan babur suna hawan duwatsu. Abin da ya kama zuciyar Yaya shi ne mutanen ba gudu suke ba. Wasan nasu shi ne ka bi mugun wuri a hankali, kar ƙafarka ta taɓa ƙasa.

Daga nan ya kamu, kuma bai warke ba har ya bar duniya. Duk babur ɗin da ya shiga hannunsa sai ya cire masa kujera da fitila da madubi, da duk wani ƙarfe da ba ya taimakon taya. Ya sa maƙeri ya yanko masa babban faifan sarƙa na baya, don injin ya riƙa ja a natse kamar san noma. Ya rage iskar taya har ta yi laushi ta kama dutse. Mutanen gari sun yi dariya har sun gaji, suna cewa babba da gemu ya sami abin gudu ya hana shi gudu.

Abokin haukansa ɗaya ne, Malam Laminu, malamin dabbobi a Dungas. Duk Lahadi da safe sukan haɗu a wani ramin marmara da masu aikin hanya suka bari a bayan gari, su kafa karan dawa su yi wa kansu hanya, ta bi gangare, ta haye saiwar gawo, ta ratsa yashi. Ni ban taɓa iya tsayuwa a kan abin ba, don haka aka naɗa ni alƙali. Ina zama a bakin rami da hula biyu da gyaɗa, duk wanda ya sa ƙafa in jefa masa ƙwaya ɗaya a hularsa. Wanda hularsa ta fi nauyi shi ya faɗi. In an tashi ni ke cinye gyaɗar, har Yaya yana cewa bai taɓa ganin alƙalin da ke cinye shaida ba sai ni.

Yana da wata ɗabi'a ta aiki da ya kamata mai karatu ya sani, don a kanta maganar take. Yaya ba ya rubuta komai. Idan zai kwance inji sai ya shimfiɗa doguwar tabarma a zaurensa, daga bakin ƙofa har kusurwa. Abin da ya fara cirewa ya ajiye shi kusa da ƙofa, na biye a gefensa, haka har na ƙarshe ya sauka a kusurwa. In zai mayar sai ya faro daga kusurwa ya nufi ƙofa. Tabarmar ita ce littafinsa. Baƙo kan shigo gidan a karkace yana tattara riga, akuya kuwa ba ta isa ta leƙo ba.

Babur ɗinsa na ƙarshe daga gawa uku ya haɗo shi, babu biyu da suka fito gida ɗaya. Inda haƙoran giya suka ƙi zama da juna, sai ya yi musu siraran zobba na ƙarfe, ya goge kowanne da hannunsa har ya kai kaurin da yake so. Zobban sun fi ashirin, kuma a ido duk ɗaya suke. Ana cikin haka hawan jini ya taɓa masa hannun dama, aikin wata biyu ya koma na shekara biyu. Kayan na nan jere a tabarma ranar da ya cika.

Ranar, kafin a fito da shi, mutane sun cika ƙofar gida, rana ta fara zafi, dattawa na tsaye babu wurin zama. A garinmu zaure ne wurin karɓar gaisuwa. Na shiga, na ɗauko buhun hatsi da babu komai ciki, na kama bakin tabarma biyu na juye. Har yau ina jin ƙarar zubarsu. Na ɗaure buhun, na tura shi bayan rumbu, na kakkaɓe tabarmar na shimfiɗa wa liman. Na fi kowa sanin mece ce tabarmar nan, na yi shekara da shekaru ina tsallake ta. Amma a lokacin abin da ke kaina kawai shi ne inda liman zai zauna.

Malam Laminu bai sami jana'iza ba, sai bayan azahar ya iso. Ya tsaya a bakin zaure, kafin ya gaisa da kowa idonsa ya sauka a ƙasa.

"Wa ya kwashe?"

"Mata ne suka yi shara," na ce masa.

Ban shirya maganar ba, fitowa ta yi. Ya zauna ya yi addu'a. Amma zaure cike yake da kunnuwa, kafin sadakar bakwai labari ya zagaya gari cewa Zuwera, matar Yaya, dama ta daɗe tana jin haushin ƙarafan, ba ta ma jira an binne mai su ba. Malam Laminu, da yake shiga har tsakar gida ya sha furarta, ya koma yi mata sallama daga waje.

Tsakanina da Zuwera akwai wasan ƙanen miji da matar wa. Mushe mai cin gyaɗa take kirana, don Mushe ake ce wa malamin lakwal a wajenmu, ni kuma in ce mata uwargidan ƙarfe. Bayan rasuwar sai ta koma ce mini Malam Sanusi, ina kwana, ina gajiya, shi ke nan. Na ce takaba ce. Takaba ta ƙare, na ce kewa ce. Ina sane da ƙaryar da na yi, ina ganinta kamar yadda nake ganin buhun bayan rumbu duk zuwan da na yi Bande. Kunya ma ban ji ba, kuma wannan ya fi komai muni a cikin labarin.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Ranar kasuwar Dungas 'yan kabu-kabu sun fi kaji yawa, kowa a guje, hannu ɗaya a kan babur, ɗaya riƙe da waya a kunne. Abu ya lalace ba a gyara shi, a cire a jefar a sa sabo. Ina jin ba zai yi faɗa ba, don shi ba mai faɗa ba ne. Zai tsaya ne a bakin tasha yana kallon yadda suke jan ƙafa a ƙasa idan za su juya, ya ce da ni a hankali gyaɗar buhu guda ba za ta ishe ni ba. Sa'an nan ya bi bayan masu gyara yana tsintar abin da suka zubar. Ramin marmarar ma yanzu rabinsa shara ce da leda.

Bana Mutari, babban ɗan Yaya, ya same ni a Magarya. Ya yi iyali, yana son ya mai da zauren shagon sayar da dusa da abincin dabbobi, ya kuma rushe tsohon rumbu. Ya ce, cikin ladabi, mai sayen tsohon ƙarfe ya zo da sikelinsa har sau biyu, shi ne ya ce a jira a ji ta bakin Baba Sanusi. Ba zan ga laifinsa ba. Na roƙe shi kwana uku, na hau kabu-kabu na je Dungas na ɗauko Malam Laminu.

Ya tsufa, yanar ido ta fara rufe masa gani. Muka shimfiɗa tabarma, na kwance buhun da na ɗaure da hannuna, muka zube. Kwana biyu yana laluben kayan da yatsu. Manyan duk ya gane su, wannan fistin ne, wannan na kuloci ne. Da aka zo kan zobba da ƙananan haƙora sai ya tsaya. Ya ce ko ɗaya aka sa ba a wurinsa ba giya za ta cije, kuma wanda ya san wurinsu yana ƙasa. A rana ta uku da hantsi ya goge hannunsa ya ce a kira mai sikeli. Na ce to. Ko a lokacin ban ji komai ba.

Muna nan zaune Zuwera ta kawo fura, ta tsaya ta ƙofar ciki. Ta daɗe tana kallon tabarmar, sa'an nan ta nuna da baki.

"Wancan mai tabon ba nan yake ba. Kusa da kusurwa yake, bayan mai haƙora uku a karye."

Ta ajiye ƙwarya ta durƙusa. Ba ta san sunan ko ɗaya ba, kuma ba ta taɓa riƙe abin kwance noti ba a rayuwarta. Sunayenta ta ba su, mai tabo, ɗan kunne, baƙin nan, tagwaye. Ashe shekara biyun nan kullum safiya ita ke share zauren, tana bin gefen tabarma da tsintsiya, abin da iska ta kawo tsakanin ƙarafan kuma ta tsince shi da yatsa, ba ta gusar da komai. Ta haddace jerin yadda mace ke haddace jeren kwanoninta. Zobban da muke gani iri ɗaya, ita ta san wanda ke da tsatsa a gefe da wanda magagari ya ci ya bar masa layi. Daga hantsi har la'asar tana ɗauka tana ajiyewa, wani lokaci ta rufe ido ta yi motsin shara da hannu kafin ta tuna. Zobba uku ne kawai ta ce ba ta da tabbas, ta ware su gefe. Malam Laminu ya ce uku ba komai ba ne, zai gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya juyo da idanun nan nasa masu hazo ya dube ni, ya ce wadda ta san tabarma haka ba ita ta kwashe ta ba.

"Ni ne," na ce.

"Na sani," in ji Zuwera, ba ta ko ɗago ba. "Ina tsaye nan ta ƙofar ciki."

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa, ana ta yawo da sunanta a gari.

"Ranar ba ka san inda kanka yake ba. Na ce in ka dawo hayyacinka za ka faɗa da bakinka. Ban san tafiyar za ta kai shekara bakwai ba."

Malam Laminu ya jawo ƙwaryar furar, ya sha, ya ce mata Allah ya yi albarka, ta yafe masa. Ta ce babu komai. Ni ba ta ce mini babu komai ba, kuma ban cancanci ta ce ba. Tun da a zaure na yi ƙaryar, gaban jama'a, shi ya sa na kawo gyaranta nan inda mutanen Bande da Dungas za su karanta ko a karanta musu. Zuwera ba ta kwashe tabarmar mijinta ba. Ni Sanusi na kwashe, na kuma ɗora mata.

Mutari ya yarda ya jira har tabarma ta ƙare. Malam Laminu na zuwa duk Lahadi, ya faro daga kusurwa, yanzu ya kusa rabi. Ban sani ba ko injin zai tashi, ban kuma san wa zai hau shi ba idan ya tashi, don gwiwoyin Malam Laminu sun gama aiki. Sauran baburan Yaya sun watse tuni, mujallar gara ta cinye, ramin ya kusa cikewa. Na ɗauka abin da ya rage nasa ƙarfe ne a buhu. Ashe tsarinsa da haƙurinsa suna nan a ajiye a cikin kan matar da ta yi ta zagaya aikinsa da tsintsiya, tana ganin girman abin da ba ta san amfaninsa ba, don kawai nasa ne.

Lahadin da ta wuce na riga Malam Laminu isowa. Ina tsaye a zaure Zuwera ta leƙo, ta miƙo mini tsintsiya.

"Ungo, Mushe mai cin gyaɗa. Ka share, kar ka taɓa."

Na durƙusa na fara daga bakin ƙofa. Ban kai tsakiyar tabarma ba na daina ganin zobban sosai, dole na ajiye tsintsiyar don kar in gusar da wani abu. Na zauna a ƙasa na yi wa yayana kukan da ban yi ba ranar Talatar nan. Zuwera ta bar ni har na gama, sa'an nan ta nuna mini wurin da na tsallake.