Jar jitar Auta da jarkar Zamzam

Abubuwa da yawa sun faru a gidanmu na Rusaifa da yanzu sai an tuna mini nake tunawa, amma zuwan da ƙanena ya yi Makka da jita uku, wannan kam ko tsufa ya kwashe mini komai shi zai rage.

Mu biyu ne a wurin mahaifiyarmu, ni babba, shi auta. A nan Makka aka haife mu, iyayenmu kuwa daga Damagaram suka zo aikin Hajji suka zauna. Ni na yi aure a unguwa, Ummi ta dawo wurina bayan rasuwar Baba. Shi kuwa Auta tun yana saurayi zaman ya ishe shi, ya tafi Nijar wurin dangi wai neman sana'a. Sana'ar da labarinta ya iso mana ita ce kiɗa. Ya haɗu da wasu abokai suka kafa 'yar ƙungiyarsu ta masu jitar lantarki, irin kiɗan nan mai ƙara da girgiza kai. Ba wani babban kamfani a bayansu. Su ke ɗaukar waƙarsu, su ke sayar da faifansu a bakin ƙofa, su cusa kansu da kayansu a mota ɗaya suna bin garuruwan Turai.

Tun ranar da Ummi ta ji, ba ta zage shi ba, ba ta daina ɗaukar wayarsa ba. Abu ɗaya kawai ta canja. Da can idan za su yi sallama takan ce, "Allah ya yi maka albarka." Daga ranar sai ta koma, "Allah ya shirye ka." Shekara da shekaru haka. Wanda bai san uwar Bahaushe ba zai ce ai duk addu'a ce. Mu da muka san ta mun san an rufe masa wata ƙofa, kuma shi ma ya sani, don bayan kowace waya sai ya kira ni ya tambaye ni ko ta ce wani abu bayan ya ajiye.

Dole in faɗi wata ɗabi'ar Ummi, don ita ce tushen labarin. Duk abin da ta ɗauka namu ne, sai ya sha ruwan Zamzam. Mijina kan ciko mata jarka, ita kuma ta bi gida da ita. Sabuwar rigar makarantar 'ya'yana, keken ɗinkina, motar mijina ranar da ya saye ta, jakar duk wanda zai yi tafiya, babu wanda ya tsira. Amma talabijin ɗinmu, duk tsawon zamansa a falo, bai taɓa ganin ko ɗigo ba. Da haka muke gane matsayin kowane abu a wurinta ba sai ta buɗe baki ba.

A shekarun nan da ake ta rushe-rushe ana faɗaɗa Harami, jikin Ummi ya fara saki, ciwon suga ya taɓa mata ido. Na kira Auta na ce in yana da abin nema a wurin tsohuwar nan ya zo ya nema da bakinsa. Ya samu bizar Umra a tsakiyar yawon kiɗansu, ya taso kai tsaye daga inda suka yi wasa, da niyyar ya wuce wani wasan daga nan. Mijina ya ɗauko shi daga Jidda. Ina buɗe ƙofa na ga mutum cikin ihrami, fari fes, gashi har kafaɗa, a bayansa dogayen akwatuna uku.

Na ce, "Auta, duk duniya ka rasa tsarabar da za ka shigo da ita Makka sai wannan?"

Ya ce, "Yaya, wallahi ba inda zan bar su. Ma'alesh, ki yi haƙuri ki rufa mini asiri."

Muka tura su ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi kafin Ummi ta fito. Ya je ya yi Umrarsa, ya dawo an aske wannan gashin tas, alhali ɗan ragewa ma ya isar masa. Na san don wa ya yi. Ya durƙusa gabanta, ta shafa ƙwaryar kan nan ta daɗe tana shafawa, ta yi hawaye, sannan ta ce, "Allah ya karɓa. Allah ya shirye ka." Na ga yadda kafaɗunsa suka sauka, sai da tausayinsa ya hana ni cin abincin rana.

Washegari Ummi na barcin rana, ya jawo ni ɗaki ya buɗe akwatunan yana nuna mini su kamar mai jego. Akwai baƙa, mai nauyin tsiya, ita ce ta waƙoƙin da ake tsalle. Akwai mai ruwan toka, siririya, wadda wani maƙerin jita ya haɗa masa, ita yake ɗauka in waƙa ta yi sanyi. Sai ja. Ni ban ga abin so a jikinta ba: duk ta kwarzane, fentin ya goge a inda hannunsa ke kwanciya har itacen ya fito, wuyanta ya yi baƙi da gumi. Ya ce ita ce ta farko, kwance ya saye ta a Yamai lokacin ko katifa ba shi da ita, kuma duk waƙar da ya taɓa ƙirƙira a kanta ya fara laluba ta. Na ce ai ko a bola na gan ta ba zan sunkuya ba. Ya yi dariya ya rufe ta a hankali.

Ana gobe zai tafi muka fita da hantsi sayen dabino da turare. A hanya ya ce, "Yaya, ina jin haka zan koma, ban samu abin da na zo nema ba." Abin da duk muka manta shi ne, matafiyi ba ya barin gidan Ummi jakarsa ba ta sha Zamzam ba, kuma jakar tasa tana nan ƙarƙashin gado tare da akwatunan.

Da muka dawo sai muka ji motsin ruwa a tsakar gida. Ummi ce zaune kan 'yar kujerarta, jarka a gefe, babban baho a gabanta, jar jitar nan kwance a ciki. Ba yayyafi ta yi mata ba, wanka ta yi mata na sosai. Tana kamfato ruwa da moɗa tana kwarara mata tun daga kai har ƙasa, tana bin tsirkiyoyin da tsumma, bakinta na motsi. Ruwa na shiga ta wurin maɓallan murɗa sauti yana fita ta ramin da ake soka waya. Sauran biyun suna jingine da bango suna jiran layi.

Ledar dabino ta suɓuce daga hannun Auta. Na kalle shi na ga fuskarsa ta canja, jijiyar wuyansa ta miƙe. Ni da ban san komai a kan jita ba na san lantarki da ruwa ba sa shiri. Kuma na san in kalma ɗaya mai zafi ta fita daga bakinsa, shi ke nan, ya yi zuwan banza kuma ba lallai a sake samun wani zuwan ba. Na riƙe masa hannu na matse.

Ummi ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kun ɗauka makanta ta kai ni in kasa sanin abin da ke ƙarƙashin gadon ɗakin baƙi?"



Ta lalubo wurin da fentin ya goge ta ɗora tafinta. "Wannan hannunka ne ya cinye shi haka?"

Da ƙyar ya ce, "Ni ne, Ummi."

"Haka muciyata ta yi, wadda na tuƙa tuwon alhazai da ita a Arfa har na yaye ku. Ni na ɗauka wasa ka tafi yi, ya waladi, ɗana. Ashe wahala kake sha a kanta." Ta sake kamfato ruwa. "Hukuncin kiɗa na malamai ne, su suka san shi, ni ban sani ba. Ni uwa ce. Ba za ta fita daga gidana da dattin hanya ba."

A nan Auta ya tuna da talabijin, ni ma na tuna. Ya zare hannunsa daga nawa, ya tafi ya durƙusa a bakin bahon, wandonsa na jiƙewa. Ya karɓi moɗar daga hannunta, na ɗauka ajiyewa zai yi. Sai ya cika ta ya miƙa mata, ya juya jitar ya ce, "Ummi, baya bai samu ba."

Ni ce na ceci sauran biyun. Na ce mata su sababbi ne, shafawa da tsumma ta ishe su, kuma Zamzam ɗin ya kusa ƙarewa. Ta ce, "Ɗayyib, shi ke nan," ta shafa su sama-sama.

Yinin ranar ya ƙare shi yana kunce murfin bayan jitar da wuƙar kicin ɗina, yana tsane wayoyin ciki da auduga, fanka na kaɗa mata. Da la'asar ya soka ta a 'yar lasifikarsa ta tafiya, ya rage sauti saboda maƙwabta. Ta yi magana, amma da wani ƙugi a ƙasan muryarta, kuma duk sanda ya murɗa maɓalli sai ta yi ƙarar-ƙarar kamar ana soya albasa. Ummi daga ɗakinta ta ce, "Haka kukanta yake?" Ya ce, "Haka yake, Ummi."

Da safe mijina ya fito da mota, aka loda akwatunan a fili, ba ɓoyo. Auta ya durƙusa sallama. Ta dafa askakken kansa ta ce, "Allah ya yi maka albarka, kai da kayan aikinka. Allah ya tsare ka daga abin da zai ba ka kunya." Bai iya cewa amin ba, ni na faɗa a madadinsa.

Ba su sake ganin juna ba, don shekarar ba ta zagayo ba Ummi ta rasu. Jar jitar tana nan yana yawo da ita, kuma har yau tana wannan ƙugin. Ya ce duk garin da suka sauka sai wani mai gyara ya ce a ba shi ya canja abin da ya yi tsatsa a ciki, aikin ɗan lokaci ne. Shi kuma ya ce a bar masa kayarsa haka.

Abin da na koya a bakin bahon nan shi ne, tsofaffinmu ba kasafai suke cewa "na sauko" da baki ba. Da abin da suka saba yi suke faɗa, kuma wani lokaci sai ya zo maka a kamannin ɓarna. In ka yi saurin fushi a kan abin da aka jiƙa maka, sai ka rasa abin da ka ƙetaro duniya kana nema alhali yana gabanka. Auta ya haɗiye magana ɗaya a ranar, ya tafi da albarkar uwarsa, kuma duk sanda ya murɗa wannan maɓallin, Ummi yake ji.