Takardar Shekarun Ƙanena da Hoton Sojan Kanada

Na manta abubuwa da yawa na zamana a Kuala Lumpur, har da rabin abin da na rubuta a kundin digirina, amma yammacin da wata tsohuwa 'yar Kanada ta miƙo min hoton mahaifinta ba zai taɓa fita daga raina ba.

A lokacin ina karatu a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak, kuma ni ne babban kwamandan guruf ɗin gidanmu na waya. Daga ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, da kofin shayin madara na teh tarik a gabana, nakan tsara yadda za a gama da 'yan bindigar jiharmu cikin mako biyu. Ni da ko bindigar farauta ban taɓa riƙewa ba. Da ƙanena mai shekara goma sha shida ya ce yana son shiga soja, sai na ji kamar ni aka yi wa ƙarin girma. Na ce a je kotu a yi masa takardar shekaru, a ɗora masa uku. Mahaifiyarmu ta ƙi, na yi mata lacca a kan kishin ƙasa. Ta bar zancen, tunda mai digiri ya yi magana.

Tsohuwar kuwa malamar Turanci ce da ta yi ritaya, tana gyara wa ɗalibai rubutu. Mukan haɗu a wani shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, a unguwar Sri Petaling. Ran nan, tana jan layi da jan biro a babina na uku, na ba ta labarin ƙanena cikin alfahari. Ta ajiye biron.

"Goma sha shida? Ai ya tsufa," in ji ta. "Babana yana sha biyar ya tafi."

Ta ciro hoto daga jakarta. Yaro ne cikin kakin soja, hula ta rufe masa kunnuwa, hannun riga ya haɗiye yatsunsa. Ta ce a Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ɗauki takardar haihuwar yayansa ya kai wurin ɗaukar soja. Jami'in ya dube shi, ya ga ko gashin baki babu, ya buga hatimi. Mutum mai kaifin ido. Aka ba shi takalmin da sai da ya cusa jarida kafin ya zauna masa, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Italiya. Aikinsa ɗaukar waɗanda aka harba a kan makara. Mutumin farko da ya mutu a hannunsa yana ta kiran matarsa, shi kuma yaron ya riƙa amsawa a madadinta, don bai san me zai yi ba.

"Kakata ta rubuta wa hukuma cewa ɗanta yaro ne," ta ce. "Suka amsa cikin ladabi cewa suna bincike. Kafin su gama binciken ya cika shekarun."

Na ce, "Amma Madam, ai ya dawo jarumi."

"Ƙwarai. Ya dawo da kunne ɗaya da lambar yabo. Lambar ita muke tokare taga da ita. Har ya rasu bai yarda ya zauna ya ba ƙofa baya ba. Ranar bikina, wani ya yar da tire, muka iske shi ƙarƙashin tebur, da kwat ɗinsa sabuwa." Ta ɗauki bironta. "Ku ma za ku samu lamba. Kuna da taga?"

Gurasar roti da ke gabana ban iya ci ba, sai tapau na yi da ita, wato aka ƙunshe min na tafi da ita. A tashar jirgin ƙasa na LRT na kira gida. Ƙanena ya ɗauka da murna, ya ce gobe za su kotu.

Na ce, "Ba za a je ba."

"Yaya, ba kai ka ce namiji ba ya jiran shekaru ba?"

"Ni na faɗa. Daga Malesiya na faɗa."

Ya kashe wayar. Wata huɗu bai yi min magana ba. Mahaifiyarmu kuwa, da na ba ta labarin hoton, cewa kawai ta yi, "Ashe sai Baturiya ta faɗa kake ji."

Bayan shekara uku ya shiga sojan da shekarunsa na gaskiya, da shawarar kansa. Yana bakin aiki yanzu, kuma duk sanda waya ta yi ƙara daga gida sai gabana ya faɗi. Abin da na koya shi ne, jarumta da jikin wani ba ta da wuya ko kaɗan. Tun daga ranar, in na ji bakina ya fara tura mutane fagen fama, sai na tambayi kaina ko zan bi su. Amsar takan rufe min baki.