Ranar da Baba Kallamu Ya Ƙi Cewa "Lafiya Lau"

Wata rana aiki ya kai ni gidan wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya. Baba Kallamu ake ce masa.

Aikin namu bincike ne kan tsufa. Mutanen da muka fara da su shekaru da yawa baya, su muke ta komawa muna tambaya: ya jiki, ya barci, ya zaman fansho?

To kun dai san tsofaffinmu. Mutum na dafa bango yana numfashi da ƙyar, kana tambayarsa zai ce maka "lafiya lau". Wallahi wannan amsar ta sha ba ni ciwon kai.

Tun a zaure 'yarsa Lantana ta ja ni gefe. Ta ce ta rantse, muddin ta ji Baba ya faɗi da babur, ta karɓe makulli ke nan. Shi kuwa babur ɗin nan shi ke kai shi lambunsa, lambun kuma shi ya rage masa a duniya.

Muka zauna, tana gefe ta kasa kunne.

Na zo kan tambayar da nake gudu: "Baba, tun zuwanmu na baya, ka taɓa faɗuwa?"

Ya dubi 'yarsa.

"Na faɗi. Ba sau ɗaya ba ma. Jiri ke ɗibata a hanyar lambu."

Tausayi ya kama ni. Da Lantana ta tashi kawo ruwa, na rage murya na ce, "Baba, ai da ka ce a sallame ta tukuna."

Ya ce, "'Yata, tun gemuna bai gama furfura ba kuke zuwa. In na ɓoye, za ku faɗa wa likitoci tsoho irina garau yake. Gobe wani ya je da jiri, a ce masa raki ne."



Lantana na dawowa, bai jira ta tambaya ba. Ya laluba aljihu, ya miƙa mata makullin. Ita ce ma ta fara hawaye.

Ban taɓa ganin dattako irin wannan ba.

Darasi: Dauriya ado ce, amma ɓoye ciwo ba jarumta ba ce. Wata gaskiyar kai za ka ji zafinta, wanda ba ka taɓa gani ba ya ci amfaninta.

In da tsoho a gidanku mai yawan cewa "lafiya lau", ku sake tambayarsa yau. Sannan ku tura wa wani ya karanta.