Ranar da Na Tsare Shi a Aji

Na daɗe ina koyar da ƙananan yara a ɗakin da ke jingine da majami'armu, a wani ƙauye tsakanin Rano da Kibiya. Makaranta muke ce masa don kada a raina mu. Tabarma uku ce, da randa, da allon da fasto ya shafa wa baƙin fenti da hannunsa. Da 'ya'yan tsamiya muke ƙirga, da kara muke ƙera mota, da yumɓu muke gina tukwane. Uwa ta zo ta tarar da mu dumu-dumu da laka ta ce, "Malama, yau ma wasa?" Ni kuwa bakina ba ya shiru. In ce, "To zo ki zaunar da ɗan shekara huɗu ki yi masa wa'azi, in gani."

Labaran majami'a ma da wasa nake koya musu, duk Juma'a. Wanda suka fi so shi ne na yarinyar da ta mutu, Yesu ya kama hannunta ta tashi. Dalili kuwa, a wasan an yarda su yi kukan ƙarya iya ƙarfinsu, ba mai tsawata musu.

A ajin akwai wa da ƙanwa, shi shekara biyar, ita huɗu. Ita sikila gare ta. Ko tsere aka yi, kafin a kai bakin rijiya ta tsuguna tana haki. Sai na ce ita za ta riƙa zama yarinyar da ta mutu, tunda kwanciya ce kawai aikin. Wallahi har yabon kaina na yi a kan wannan dabara. Yayanta kuma shi nake yafa wa farin mayafina, ya shigo yana tafiyar manya, ya kama hannunta.

Ja'irar yarinya ce. Wata rana na sa wani yaro a madadinsa, ta runtse ido ta ƙi motsi. Ya ja, ya girgiza, ko gezau. Yayan na taɓa ta, ta yi wuf ta miƙe tana ƙyalƙyala dariya. Ni da bakina na ce, "Kun gani ko? Wannan ba mai iya tashinta sai yayanta." Yaran suka ɗauka suna maimaitawa. Uwarsu ta gaya mini ko a gida ciwo ya kwantar da ita, yakan je ya kama hannunta, ita kuma ta daure ta zauna don kada ta ba shi kunya.

Cikin damina ciwon ya tashi mata sosai, aka kai ta asibiti a Rano. Kwana biyu tsakani, da safe, sai ga goggonsu riƙe da hannun yaron. Ta tura shi aji, ta ja ni gefe.

"Malama, ta cika da asuba. Ki riƙe mana shi har a dawo daga makabarta. Kada ya sani."

Na ce to. Haka muke yi, ba a nuna wa yaro gawa, kuma ba na jin akwai gida a ƙauyen, namu ko na maƙwabtanmu Musulmi, da zai yi dabam.

Hanyar makabarta ta bayan ajinmu ta bi. Da na jiyo waƙar masu ɗauke da gawar, na rufe taga, na sa yaran tafi da tsalle, ina cewa su ƙara ƙarfi. Amma wata 'yar baki a cikinsu ta riga ta ji a gida. Ta dube shi ta ce, "Mamata ta ce ƙanwarka ta mutu."

Bai yi kuka ba. Tashi ya yi, ya taka kan randa ya zaro mayafina daga ƙusa, ya yafa, ya nufi ƙofa.

"Malama, bari in je in dawo."

Na tare ƙofar. Ya ce, "Ni kaɗai nake iyawa. Ke kika ce." Na ce ya koma ya zauna. Ya kutsa ta ƙarƙashin hannuna, na cafko shi, ya gantsara mini cizo a tsintsiyar hannu. Na mare shi. Ina da saurin hannu, ban taɓa ɓoyewa ba, amma wannan marin har gobe yana cina. Na danne shi a cinyata yana shure-shure yana cewa a jira shi, har muryarsa ta dushe, har na ji mutane suna dawowa.

Sai bayan mako guda ya dawo aji. Ba ya wasa, ba ya waƙa. Da yara suka fita shan iska ya tsaya a gabana.

"Da kin bar ni, da na tashe ta."

Na tsuguna na yi masa bayani da duk dabarar da nake taƙama da ita. Na ce abin da muke yi wasa ne. Na ce ko ya je ba zai iya ba, ni ma ba zan iya ba, fasto ma haka. Na ce Yesu ne kaɗai yake tashin wanda ya mutu da gaske.

Ya kalli shatin haƙoransa a hannuna. Sannan ya ce, "To shi ma tsare shi aka yi?"

Na miƙe na kaɗa ƙararrawar tashi, ko ƙarfe sha ɗaya ba ta yi ba.