Gicciye Biyu, Kwanon Toka Ɗaya

Wata rana, ana gobe Larabar Toka, ina bayan cocinmu ina taya katikis ɗinmu, wato mai koyar da addini, Baba Linus, ƙona ganyen dabino.

Ga wanda bai sani ba: tokar da ake shafa mana a goshi ranar shiga azumi ba daga murhu ake kwaso ta ba. Ganyen da aka sa wa albarka ranar Lahadin Dabino ta bara, wanda kowa ya tafi da shi gida, shi ake dawowa da shi a ƙona, a tankaɗe.

To, mutanenmu kun san halinsu. Sati uku ana sanarwa, amma sai ranar ƙarshe kowa zai taho a guje. Wani ya ciro nasa daga madubin mota, wata daga bayan ƙofa har da yanar gizo-gizo.

Akwai ma wanda ya kawo mana ɗanyen ganye kore shar, wai na bara ne. Baba Linus ya dube shi, ya dubi ganyen, ya ce lallai barar gidansu ba ta da nisa.

Ni kuwa hayaƙi ya cika min ido, tuwo ban ɗora ba, so nake a gama in tafi.

Sai ga Mama Filomena, mai suyar masa a bakin tasha.

Ta warware wani farin ƙyalle a hankali. A ciki akwai gicciyen dabino, saƙar hannu, ya bushe amma ko gefensa bai karye ba.

Ni da bakina ba ya jiran shawara, na ce ta jefa mana, wutar ba jiranmu take yi ba. Har na miƙa hannu zan karɓa.

Ta janye.

A nan na tuna, kunya ta rufe ni.

Ɗanta Barnaba ne ya saƙa shi. Tela ne, kuma duk cocin babu mai hannunsa a saƙar dabino. A watan Agusta suna dawowa daga biki a kan babur, shi da amininsa Habila, ana ruwa. Habila ke tuƙi. Ya zo wuce wata babbar mota, taya ta zame.

Habila ya tashi da karayar ƙafa. Barnaba bai tashi ba.

Tun daga ranar Mama Filomena ba ta sake amsa gaisuwar Habila ba. Ya je gidanta sau uku yana dogara sanda, ta shige ɗaki ta bar shi a tsaye. Shi yana cikin mawaƙan coci ne a Mas na biyu, wato sujada ta biyu ta ranar Lahadi, sai ta koma zuwa na farko don kada ma ta ji muryarsa. Wata shida ke nan.

Amma ranar Larabar Toka Mas ɗaya ne a cocinmu, domin Fada, limamin cocinmu, yana da ƙauyuka huɗu da zai zagaya da tokar. Dole su haɗu.

Na yi saurin gyara bakina, na ce ta riƙe abinta, ai ba dole ba ne. Na ɗauka rabuwa da shi ne ba ta iyawa.

Ashe ba nan damuwarta take ba.

Ko kallona ba ta yi ba. Ta tambayi Baba Linus ko za a iya ƙona nata daban, a ajiye tokar a takarda, gobe a shafa mata ita kaɗai.

Ya girgiza kai.

"Katikis, wato duk wanda ya shiga layi za a shafa masa?"

"Duk wanda ya shiga, Mama."

"Har shi?"

"Har shi. Kwanon ɗaya ne."

Ta nannaɗe gicciyen a ƙyallensa. Ta ce to saƙar ɗanta ba za ta hau goshin wanda ya kai shi kabari ba.

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kamar mai gaya maka farashin masa.

Na zaci Baba Linus zai buɗe mata wa'azi, don ya iya, yakan kai mu har rana ta take. Bai yi ba. Ya ce babu laifi a gaban Allah idan ta koma da shi gida, amma ta ɗan dakata, akwai saƙonta a wajensa.

Ya shiga ɗakin ajiyar kaya ya fito da ambulan.

Wani gicciyen ne a ciki. Saƙa iri ɗaya, ƙulli iri ɗaya, tsawo ɗaya.

Ya ce Habila ne ya kawo da safe. Barnaba biyu ya saƙa ranar Lahadin Dabino ta bara, ɗaya na uwarsa, ɗaya na amininsa. Habila ya roƙa kada a ƙona nasa, a ba Mama, domin ita ta fi cancanta ta riƙe, shi kuma ba shi da fuskar da zai miƙa mata da hannunsa. Ya ce gobe ma zai tsaya a waje, don ta karɓi tokarta cikin kwanciyar hankali.

Mama Filomena ta zauna a kan benci.

Ga gicciye biyu a cinyarta. Duk abin da ya rage na saƙar Barnaba ke nan, kuma yanzu duka nata ne. Babu mai hana ta tafiya da su.

Ni dai na manta da tuwo.

Ganyen da ke gabanmu bai fi a gama da shi a minti biyar ba. Baba Linus ya riƙa sa shi ɗaya-ɗaya, yana juya wutar da sanda, kamar wanda ba shi da gida.

Ta daɗe tana jera su, tana shafa ƙullin da yatsa.

Can ta miƙe, ta zo bakin wutar. Ta ce tun suna firamare ko rake ɗanta ya saya sai ya karya biyu, shi da Habila. Ta ce ba ita za ta raba abin da ya haɗa ba.

Ta sa su duka biyun a wuta da hannunta.

Busasshen dabino ba ya daɗewa. Kafin in share ido sun zama toka, sun gauraya da na kowa.

Ta ce wa Baba Linus ya aika wa yaron, ya daina maganar tsayawa a waje.

Washegari coci ya cika. Habila ya shiga layi can baya yana ɗingishi. Ita tana gaba. Fada ya dangwala babban yatsansa a kwano ɗaya, ya shafa mata, ya shafa masa, ya faɗa wa kowannensu magana ɗaya: daga ƙasa muka fito, can za mu koma.

Ba a rungumi juna ba. Ba a yi kuka a gaban jama'a ba. Masu jiran wannan sun tafi gida haka nan.

A bakin ƙofa dai ya durƙusa da ƙyar ya gaishe ta, kamar yadda ya saba yi wata shida ba amsa.

Ta tsaya. Ta dubi goshinsa.

"Lafiya lau, Habila. Ya ƙafar?"

Ina tsaye a wajen, da kunnena na ji. Kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ce na yi kukan.

Darasi: Mukan shiga azumi mu bar nama, mu bar suga a shayi, amma mu riƙe mutum a zuciya gam. Yafewa ba ta dawo wa Mama Filomena da ɗanta ba, ba ta kuma ce zafin ya wuce ba. Ta dai yarda ta tsaya a layi ɗaya da Habila, ta amsa gaisuwarsa. Idan akwai wanda ka daina amsa wa, daga nan ake farawa.

Ka tura wannan ga wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba. Idan hannunka ya ƙi, sa shi a shafinka, wataƙila ya gani.